MAKARANTAR HUNTURU: KADA KI KULLE ƘANENKI A ƊAKI

Ina fata kowacce ta tono rigar sanyinta daga ƙasan akwati, ta kuma tanadi man shafawa, domin baƙon namu na kowace shekara ya iso, kuma kun san halinsa, ba ya sallama sai dai mutum ya wayi gari ya ji leɓensa ya tsage.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, kwanakin baya wata 'yar baffana da aure ya kai ta Ingila ta turo mana hoton 'yarta mai shekara huɗu. Yarinya ce tsaye cikin dusar ƙanƙara fari fat, an naɗe ta da riga kan riga, ita da 'yan ajinsu sun tara ƙanƙarar nan sun gina mutum-mutumi har da karas a wurin hanci. A ƙasan hoton uwar ta rubuta cewa malamarsu ce ta fitar da su waje, wai darasin ranar ke nan. Ƙanwata da ke makarantar sakandare ta karɓi wayar ta duba ta sake dubawa, sai ta yi tagumi ta ce, "Kai Anti, su kam sun more. Mu kuwa sai ƙura da kaushi."

Dariya na yi mata, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ta tuna mini da wani hutun Disamba da muka yi a ƙauyen kakarmu kusa da Wurno, da kuma abin da ya faru da autanmu a can.

SU ME SUKE NEMA A CIKIN ƘANƘARA?

Kafin na ba ku labarin, bari mu fara da hoton. Mutanen ƙasashen sanyi ba don rashin tausayi suke fitar da yara waje ba. A Denmak tun shekarun 1950 aka fara makarantun renon yara na cikin daji, inda ƙananan yara ke wuni a waje ko ana zuba ƙanƙara, daga baya abin ya bazu zuwa Jamus da Ingila. A Finlan da Nowe kuwa har jarirai ake naɗewa da kyau a kwantar a kekensu a waje su yi barcin rana.

Hujjarsu ita ce, yaron da ya damƙi ƙanƙara ta narke a tafin hannunsa ya ga yadda abu mai ƙarfi ke komawa ruwa tun kafin a rubuta masa a allo. Wanda ya yi tafiya a cikinta yana nutsewa yana tashi, ƙafafunsa na ƙara ƙwari. Waɗanda suka haɗu suka gina mutum-mutumi kuwa sun koyi shawara da jiran juna, sannan idan rana ta fito abin ya narke, sun ɗanɗani rabuwa da abin da suke so, sun kuma ga cewa duniya ba ta tashi ba.

Masana sun ce kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum, kuma abin da ke gina ta shi ne taɓawa da gani da ji da motsi, da samun babba mai amsa masa idan ya yi magana. To ki lura 'yar uwa, ba ƙanƙarar ce maganin ba. Sirrin shi ne yanayi ya sauya, duniya ta zama sabuwa a idon yaro, kuma aka bar shi ya shiga cikinta tare da wani babba. Wannan kuwa muna da shi, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu.

AUTANMU ƊAN ƊAKI

Autanmu yana da shekara huɗu lokacin. Da yake an sha wahala da shi yana jariri, mahaifiyarmu ba ta bari iska ta taɓa shi. Da sanyi ya kama sai a rufe taga, a sa masa hula da safa, a zaunar da shi gaban talabijin. Yaro ya tashi shiru-shiru, ga tsoro ga saurin kuka, ko baƙo ya yi masa magana sai ya cusa kai cikin zanen Mama. Har an fara raɗe-raɗin ko dai yana da nauyin baki ne.

Ranar da muka sauka ƙauye, Kaka ta dube shi a ƙunshe kamar ƙullin magani, ta tafa hannu ta ce, "Mi kunka yi ma mijina haka? Wanga yaro ko rana ta san shi?"

Mama ta ce, "Inna, ba ya son sanyi ne."

Kaka ta ce, "Shi yag gaya miki? Ki sa mishi riga, ki shahe shi da mai, ki bar shi shi hita. Ɗari ba ya cin mai riga." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke kishiya, gobe in hantsi ya yi ki ɗauko min shi mu tahi fadama."

Mama ba ta so ba, amma wa zai ja da Kaka a gidanta?

DARASIN HANTSI

Wadda ba ta taɓa ganin fadamar Rima da hunturu ba, an bar ta a baya. Kan tudu komai ya bushe ya yi fari, amma da kin gangara sai ki ga kore shar iyakar ganinki: albasa, tafarnuwa, tumatir, barkono, alkama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki, ga kuma tsohon aikin ban-ruwa na Wurno da aka san shi da shinkafa. Lokacin da mutanen ƙasashen ƙanƙara ke kulle gonakinsu, lokacin ne namu ke buɗewa.

Auta ya riƙe hannuna gam, har muka isa bakin wani kwalbati da ruwa ke bi. Kaka ta tsuguna ta tsoma yatsansa. Ya zabura ya janye, ya dube ta, sai kuma ya sake miƙa hannun da kansa. A ranar na fara jin ya yi tambaya ba tare da an matsa masa ba: "Kaka, ina ruwan zai je?"

Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Kuma 'yar uwa, tambayoyin da hunturu ke jawowa ba su da iyaka, in dai akwai mai amsawa. Me ya sa ruwan randa ke yanka hannu da asuba, amma wanda aka ɗebo daga rijiya yake da ɗumi? Saboda ƙasa na riƙe zafinta, iska ce ke saurin hucewa. Me ya sa wankin da aka shanya yanzu har ya bushe? Saboda iskar ta taso ne daga Sahara, babu laima a jikinta, duk inda ta ga danshi sai ta kwashe, shi ya sa take tsotse na leɓenmu da na dugaduganmu. Ina ƙurar take fitowa? Mafi yawanta daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma iska kan ɗauke ta har ta tsallake teku ta kai Amurka ta Kudu. Me ya sa in an ja bargo cikin duhu ake ganin tartsatsi yana ƙyas-ƙyas? Wannan ɗan lantarki ne da gogayya ke haifarwa idan iska ta bushe, ba aljanu ba ne.

Ga gawo da ke fitar da ganye yanzu bayan ya wuni tsirara duk damina. Ga shamuwa ta tafi ta bar sheƙarta, ga kuma wasu baƙin tsuntsaye a bakin ruwa, waɗanda cikinsu akwai masu gudun ƙanƙarar Turai ne suka keto hamada suka zo cin arziki a fadamunmu. Ke da kike karanta kimiyya a makaranta, duk waɗannan suna cikin littafinki. Gwada bayyana wa ɗan shekara biyar, a nan za ki gane ko kin fahimci karatun ko hadda kika yi.

DARASIN KARA

Yaran Turai na da ƙanƙara, namu na da kara. Bayan an gama girbi, karan dawa da na gero na nan tuli a kowane gida da kowace gona, ba saye ba roƙo. A ƙofar gidan Kaka yara kan zauna inda rana ke bugawa, su ɓare bawon kara, su yanka totuwar ciki, su ƙera mota da tabarau da keke da gadon 'yartsana. 'Yan mata kuma su kwaɓa laka su gina tukwane da murhu, a dafa tuwon ƙasa a raba wa kowa.

Kada ki raina wannan wasa. Yaron da ke auna ƙafafun mota huɗu don su zo daidai lissafi yake yi. Yatsun da suka saba soka tsinke a totuwa ba tare da ta fashe ba, su ne gobe za su riƙe alƙalami da fensir. Motar Auta ta farko ko taku uku ba ta yi ba ta wargaje. Ya buɗe baki zai yi kukan da ya saba, sai ya ga babu wanda ya ruga ya rarrashe shi, wani ɗan kawunmu ma sai ya tura masa sabon kara ya ce, "Sake wata." Ya haɗiye kukan ya sake. Ta huɗu ce ta yi tafiya, kuma da ita ya kwana a hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180, wato awa uku, a warwatse cikin yini, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa na waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. A garin da zafi kan haura maki 40 a watan Afrilu, yaushe yaro zai samu damar guje-guje da langa da 'yar gala-gala da carafke ba tare da rana ta gasa shi ba, in ba yanzu ba?

DARASIN BAKIN WUTA

Amma babban ajin sai bayan sallar isha'i. Kaka kan sa a hura wuta a tsakar gida, a binne dankali a toka, a kawo gyaɗa da rake. Sanyi ne ke koro kowa, babba da yaro, har 'yan matan da a wani lokacin ba ka ganinsu sai an nema. Sai ka ji ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku," mu kuma mu amsa baki ɗaya. Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, sai kura da wauta, sai marainiya da kishiyar uwa.

Wata farfesa Ba'amurkiya mai suna Polly Wiessner ta yi nazarin hirar mutanen dajin Kalahari a kudancin Afirka, ta wallafa sakamakon a 2014. Ta gano cewa da rana yawancin zancensu na neman abinci ne da ƙorafi da barkwanci, labari bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, amma da dare a bakin wuta kashi 81 cikin 100 na hirar labari ne. Da na karanta wannan sai na tuna yadda ake tsorata mu cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Ashe dai tsofaffinmu sun san lokacin da zuciya ke buɗewa.

A bakin wutar nan yaro ke tara kalmomi, ya koyi sauraro, ya koyi jiran layinsa, ya koyi bin labari daga farko zuwa ƙarshe, wanda shi ne tushen iya karatu. A nan kuma yake gwada tsoro yana cikin aminci: dodo na cikin labari, shi kuwa yana kan cinyar yayarsa. Ya ji tausayin marainiya, ya ji haushin mai zalunci, ya ga inda wayon Gizo ke kai shi. Tarbiyya ke nan ba bulala.

Wata rana Kaka ta jefo kacici-kacici, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Kowa ya yi shiru yana tunani. Sai muka ji wata 'yar murya daga cikin bargo ta ce, "Hayaƙi!" yana nuna wutar da yatsa. Wallahi tsakar gida ta kaure da shewa, Kaka ta ce, "Ai na gaya muku mijina malami na!" Na waiga na ga Mama tana share ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne ya shiga mata.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Rima. Tun da can bayan girbi ne lokacin karatu, malamai da almajirai su tara kara da itace, a hura wutar kiskali a zagaye ta da alluna da dare da kuma asuba. Wurno ɗin nan ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma gari ne da aka sani da malamai. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, a can ya fara karatun allo kafin a kai shi makarantar boko a Sakkwato, a zamanin da babu lantarki balle talabijin. Ƙasar da ta yi irin wannan reno ba ta rasa makarantar yara ba.

SANYI NA KOYAR DA TAUSAYI

Akwai wani darasin da ba a samun sa da zafi. Yaron da ya fito da safe ya ji sanyi ya ratsa shi, ya daure ya yi alwala, ya sha kunu mai zafi ya ji jikinsa ya dawo, ya koyi cewa wahala na zuwa ta wuce. Kuma shi ne zai gane halin wanda ba shi da riga. Kaka takan ba Auta ƙwaryar kunu ta ce ya kai wa almajirin da ke rakuɓe a zaure. Ran nan ya dawo ya ce, "Mama, ba shi da takalmi." Kafin mu bar garin da hannunsa ya miƙa wa yaron tsohuwar rigar sanyinsa. Tausayin da yaro ya gano da idonsa ya fi wanda aka yi masa wa'azi a kai zama a zuciya.

AMMA FA A YI HATTARA

Kada wata ta ce Anti ta ce a saki yara cikin ƙura. Rigakafi ya fi magani, kuma hunturu na da nasa haƙoran.

Na farko, wuta. Kada a taɓa barin yaro shi kaɗai da wuta ko da na ƙiftawar ido ne, kuma a nisanta shi da ita in yana sanye da tufafin roba masu saurin kamawa. In tsautsayi ya faru, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kamar minti 20 sannan a tafi asibiti. Ban da fasa ƙwai, ban da man goge baki, ban da toka.

Na biyu, kada a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Haka kuma ban da ƙona taya ko leda don jin ɗumi.

Na uku, a zaɓi lokaci. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a zauna a gida a yi tatsuniya. Sauran ranaku a jira hantsi ya ɗaga. A yi wa yaro wanka da ruwan ɗumi idan rana ta fito, a shafe shi da man kaɗe ko basilin, a sa masa riga biyu da hula da takalmi, a yawaita ba shi ruwa don iskar na busar da jiki ko ba a ji ƙishi ba.

Na huɗu, jariri sabon haihuwa, da yaro mai asma, da mai sikila, dokarsu daban ce. Sanyi da ƙura na tayar musu da ciwo, sai a bi maganar likita a kansu.

Na biyar, ki iya ƙirga numfashi. In yaro na tari, ki duba agogo ki ƙirga na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ko daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, to alamar limoniya ce, a garzaya asibiti. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa ba a kwana da su, domin rani ne lokacin sanƙarau, kuma iyayenmu ba su manta annobar 1996 da ta ci rayuka fiye da 11,000 a ƙasar nan ba. A tabbatar an yi wa yara allurar rigakafi.

KE FA, YAYA?

Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su yi aure ba tukuna, wata ma za ta ce ina ruwana da zancen reno. To ai ke ce kan gaba. Mama na fama da girki da wanki, Baba ya fita nema, kakanni kuma ba kowane gida ke da su a kusa ba yanzu. Hutun Disamba na hannunki, ƙannenki na gabanki. In kika miƙa musu waya don su ƙyale ki, kin huta na awa ɗaya, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun nan biyar na farko ba sa dawowa.

Ba kuɗi ake nema ba. Ki samo musu kara ko kwali. Ki kama hannun ƙaramin ku zaga bayan gida, ki amsa tambayarsa ko sau goma ya maimaita. Da dare ki ajiye wayar, ki tara su, ki ba su tatsuniya ɗaya. In kin manta, ki je wurin wata tsohuwa a unguwarku ki ce ta tuna miki, za ki ga yadda fuskarta za ta washe. Abin da kika koya a kan ƙannenki yau, shi za ki tarar a ɗakinki gobe in Allah Ya kawo naki.

Autanmu dai yanzu saurayi ne, in ya fara surutu sai an roƙe shi ya yi shiru. Kaka kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta. Ita kuma ƙanwar tawa mai tagumi, jiya na leƙa tsakar gida na same ta zaune da 'ya'yan maƙwabta huɗu, ta ɗauki hoton wata karkatacciyar motar kara tana shirin tura wa Ingila.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiyar cin wannan sanyi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.